Daga dafin ƙadangare zuwa allurar rage ƙiba

1/ Jiya ƙanwata ta turo min hoton Ozempic, wai wata mai talla a status ce ta ce mata ta riƙa yin "'yar kaɗan" duk sati kafin bikinta, ba sai ta ga likita ba. Na ce ta dakata tukuna. Bari in ba ku tarihin allurar nan, ku ga dalilina. 🧵

2/ Tun shekarun 1960 likitoci suka lura cewa sukarin da mutum ya sha ta baki ya fi sa jiki fitar da insulin a kan wanda aka ɗura masa ta jijiya. Ashe hanji ne ke aika wa jiki saƙo da zarar abinci ya iso.

3/ A shekarun 1980 aka gano ɗan saƙon: sinadarin GLP-1. Svetlana Mojsov da Joel Habener a Amurka, da Jens Juul Holst a Danmak, su ne kan gaba. Aikinsa uku: ya sa a saki insulin idan sukari ya hau, ya jinkirta fitar abinci daga ciki, ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi.

4/ Matsalar ita ce jiki yana lalata shi cikin kamar minti biyu. To yaya za ka yi magani da abin da ke ɓacewa kafin ka rufe kwalba?

5/ Nan ƙadangare ya shigo. A 1992, Dakta John Eng na asibitin tsofaffin sojoji da ke Bronx ya samo wani sinadari, exendin-4, a dafin ƙadangaren Gila na hamadar kudu maso yammacin Amurka. Yana aiki irin na GLP-1, amma sai ya yi awanni a jiki. Daga shi aka yi Byetta, aka amince da ita a 2005 don masu ciwon sukari. Allura sau biyu a rana fa!

6/ Can Danmak kuma, Lotte Bjerre Knudsen da abokan aikinta a Novo Nordisk suka ɗaura wa sinadarin guntun kitse, ya riƙa manne wa furotin ɗin jini ya daɗe. Da wannan dabara aka kai ga semaglutide, sau ɗaya a sati: Ozempic a 2017 don sukari, Wegovy a 2021 don ƙiba.

7/ To ina "'yar kaɗan" ɗin ta samo asali? Maganin yana sa tashin zuciya da amai, shi ya sa ake farawa da 0.25mg na sati huɗu, ciki ya saba, sannan a ƙara a hankali. Lokacin da aka amince da Wegovy a 2021, har 2.4mg take kaiwa. Wato ƙaramin kashin matakalar farko ce, ba a tsara shi a matsayin maganin kansa ba.

8/ A babban gwajin 2021, mutum 1,961 aka bi tsawon sati 68. Masu cikakken kashi sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Da aka daina, cikin shekara ɗaya kusan biyu bisa uku na abin da suka zubar ya dawo. Duk wanda ya kawo muku alƙaluman nan yana tallan "'yar kaɗan", ya ari rigar wani ne.

9/ Ga kuma jabu. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic ta bogi, sukarinsu ya faɗi warwas, aka yi zargin insulin ce a ciki. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Burazil, Birtaniya da Amurka.

10/ Maganin yana aiki, ban musa ba. Amma ba a ba mai ciki, ba a ba wadda ke da tarihin wani nau'in kansar maƙogwaro a danginta, kuma mai shirin ɗaukar ciki sai ta daina wata biyu kafin nan. Ƙanwata amarya ce fa. Wa zai tambaye ta wannan a status?

11/ Mun yi da ita ranar Litinin zan raka ta asibiti a auna sukarinta da nauyinta. In likita ya ce ta cancanta, ni zan biya na watan farko.