Matacin Shuɗin Haske a Kwamfuta: Matsalolinsa Lokacin Wasa da Hanyoyin Gyara

Matacin shuɗin haske wani tsari ne da ke rage shuɗin hasken da fuskar kwamfuta ke fitarwa, ta yadda launinta zai karkata zuwa ruwan ɗorawa. Kamfanin Microsoft ya sanya shi a cikin Windows 10 a shekarar 2017 da sunan Night light, kuma akwai shi a Windows 11. Tun kafin nan, a shekarar 2009, aka fitar da manhajar f.lux mai irin wannan aiki. Manufar tsarin ita ce sauƙaƙa barci, domin haske mai ƙarfi da dare, musamman shuɗi, yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin wanda ke shirya jiki ga barci.

Masu wasannin kwamfuta a gidaje da masu shagunan wasa sukan ga launi ya sauya da zarar an buɗe wasa, su zaci fuskar kwamfutar ce ta lalace. Galibi ba lalacewa ba ce, kuma gyaran ba ya cin ko kwabo. Za a sami tsarin idan aka shiga Settings, sai System, sannan Display.

Matsalolin da aka fi fuskanta

1. Matacin yana ɗaukewa idan an buɗe wasa. Wasu wasannin, musamman tsofaffi, sukan karɓe ikon sarrafa launi idan suka cika fuskar kwamfuta. A shiga saitin wasan, a sauya Fullscreen zuwa Borderless. A wasanni da dama, danna Alt da Enter tare yana sauya yanayin.

2. Launi ya rikice bayan an rufe wasa. A kashe Night light a sake kunna shi. Idan bai daidaita ba, a danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B a lokaci guda. Fuskar za ta yi ƙiftawa, manhajar sarrafa hoto ta tashi sabuwa.

3. Matacin ya ƙi kunnuwa sam. Wannan yakan faru bayan an sake ɗora Windows ba tare da manhajar sarrafa hoto ba, wadda masu gyara ke kira direba. A sauko da wadda ta dace daga kamfanin Intel, AMD ko NVIDIA, gwargwadon na'urar da ke cikin kwamfutar.

4. Yana kunnuwa da rana tsaka. A duba agogon kwamfuta. Lokacin Nijeriya da Nijar yana gaban na GMT da awa 1, kuma kwamfutocin gwanjo sukan zo da agogon ƙasar da suka fito. Idan agogon yana ɓacewa duk sanda aka ɗauke wuta, ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci ne ya mutu. A kwamfutocin tebur yawanci samfurin CR2032 ne. Haka kuma zaɓin faɗuwar rana zuwa fitowarta ba ya aiki sai an bar kwamfuta ta san inda take. Ya fi sauƙi mutum ya sanya awannin da kansa.

5. Launi ya yi ja da yawa. Mai yiwuwa matatai biyu ko uku ne ke aiki tare: na Windows, na f.lux, da wanda ke cikin maɓallan jikin fuskar kwamfutar. A bar guda ɗaya. Idan an kunna HDR, a rage ƙarfin matacin ko a kashe shi har a gama wasa.

Yaushe za a nemi mai gyara?

A lura da launi lokacin da kwamfuta ke tashi, kafin Windows ya buɗe. Idan tun a nan yana ruwan ɗorawa, matsalar ba ta matacin ba ce. A fara duba wayar VGA, domin sakwarkwacewarta ko lanƙwashewar allura ɗaya a bakinta na iya ɗauke shuɗin launi baki ɗaya. Idan an gwada wata waya bai gyaru ba, sai a kai wa masani.

Jan hankali

Matacin ba maganin gajiyar ido ba ne. Likitocin ido suna ba da shawarar cewa bayan kowane minti 20 a kalli wani abu mai nisan kusan mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Ana kira ga iyaye da masu shagunan wasa su ƙayyade wa yara lokacin tashi, domin sauya launi ba zai rama barcin da aka rasa ba. Jami'an ƙananan hukumomi masu kula da cibiyoyin koyon kwamfuta kuma su sani cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka ya kamata a tsara yadda za a sabunta na'urorin da ke hannunsu.