Daga Gudun Babangida zuwa Ranar da PES ta Kunyata Masoyanta

Yau ba littafi na ɗauko ba, tarihin wasan gem na ɗauko. Wanda ya ga kamar na sauka daga layi ya yi haƙuri ya bi ni, domin mu da muke rubuta labari kashi-kashi muna da rabo a ciki.

Duk wanda ya taso a Nasarawan Doya, ko Makarfi, ko Ikara, ya san shagon gem: benci ɗaya, talabijin biyu, janareta na kuka a waje, yara sun yi cincirindo suna jiran layi. Abin da ake bugawa kuwa ƙwallo ce ta kamfanin Konami na ƙasar Japan. A 1995 kamfanin ya fara fitar da Winning Eleven a na'urar PlayStation, a 2001 kuma aka sa wa na Turai suna Pro Evolution Soccer, wato PES.

Yayyenmu da suka riski na farko-farkon har gobe labarin Tijjani Babangida suke yi. Haifaffen Kaduna ne, ya buga wa Ajax ta Holan, yana kuma cikin waɗanda suka ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. A cikin gem ɗin gudu aka ba shi kamar walƙiya, ga Daniel Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, a gaba. Wanda ya riga ɗaukar Najeriya sai a ce ya yi wayo. Ka duba fa, mutanen Japan ne suka zauna suka sa ɗan jiharmu ya gagari kowa a allo.

Wani abin dariya, Konami ba ta da lasisin yawancin ƙungiyoyin Ingila. Shekara da shekaru Manchester United sunanta Man Red, Arsenal kuma North London, Chelsea ta zama London FC. Babu wanda ya damu. Mutane sun yafe sunan bogi saboda ƙwallon tana tafiya yadda hannu ya so. Ga kuma Master League, inda za ka fara da 'yan wasan ƙirƙira irin su Castolo da Minanda, ka yi ta tara kuɗi har ka gina ƙungiyar da za a ji tsoro. A wurina wannan shi ne ruhin wasan, don labari ne da kai kake rubuta shi da kanka. Da yawa na ganin PES 6 na 2006 shi ne ƙololuwa.

Bayan nan FIFA ta kamfanin EA ta yi ta janye kasuwa. A 2020 Konami ta ce ba za ta yi sabon wasa cikakke ba, PES 2021 kwaskwarima ce kawai aka yi wa na bara, saboda tana can tana gina wani gagarumi. Masoya suka ce sun ji sun gani. A watan Yulin 2021 aka sanar an jefar da sunan PES gaba ɗaya, an koma eFootball, an bar injin Fox da aka saba an koma Unreal, kuma wasan kyauta ne.

Ranar 30 ga Satumba 2021 eFootball 2022 ta fito. Kafin gari ya waye hotuna sun cika intanet: fuskar Messi da ta Ronaldo a karkace kamar an zana su da hagu, alƙalin wasa yana jan ciki a fili, 'yan wasa na gudu hannuwa a baya. Ƙungiyoyi 9 kacal za ka iya ɗauka ka kara da abokinka. Master League babu ita. A kasuwar Steam, waɗanda suka yaba ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, har ta zama wasan da ya fi kowanne shan suka a wurin a lokacin. Washegari Konami ta fito ta ba da haƙuri. Babban gyaran da aka sa wa rana a Nuwamba aka ɗaga shi, aka mayar wa mutane kuɗin wani ƙunshin 'yan wasa na kusan dala 40 da aka sayar tun kafin ya iso. Sai 14 ga Afrilun 2022 gyaran ya fito.

Ni dai ban yarda munin fuskar Messi ne ya ƙona ran mutane ba. Wanda ya haƙura da Man Red zai haƙura da karkataccen hanci. Abin da ya yi ciwo shi ne an ce a jira, an jira sama da shekara guda, sannan aka cire abin da ake ƙauna aka miƙo rabin aiki. Mu ma nan muna yi. Marubuciya za ta saki kashi na ɗaya kyauta a WhatsApp, ta karɓi kuɗin na biyu tun ba ta rubuta ba, daga nan ta rubuta shi a gurguje, jarumar da aka so saboda kunyarta ta koma mai baƙar magana babu dalili. Ni kaina na taɓa kashe wani tauraro a kashi na biyu don kawai na rasa yadda zan yi da shi, kuma wata mai karatu ta daina amsa sallamata har yau.

Konami ta farfaɗo ta wata hanya. A Yunin 2022 ta saki na waya, kuma shi ne yanzu za ka ga samari sun duƙufa a kai a bakin titi, in akwai data. Ta yi alkawarin dawo da Master League a matsayin abin saye, amma 2023 ta zo ta wuce ba a gan ta ba. Shagon da nake zuwa kuwa mai shi bai taɓa sa eFootball ba. Tsohuwar PES yake kunnawa, wadda masu gyara suka cusa wa sababbin 'yan wasa da sababbin riguna, kuma layi bai ragu ba.