Abin da Cutar SARS Ta Bari a Jikin Waɗanda Suka Tsira a Hong Kong

Cutar SARS, mai kama huhu ta hana numfashi, ta ɓulla a lardin Guangdong na kudancin Sin a watan Nuwamban 2002. Ta shiga Hong Kong a watan Fabrairun 2003, lokacin da wani likita da ya kamu da ita ya sauka a hawa na tara na otal ɗin Metropole, baƙin da suka kwana kusa da shi kuma suka kwashe ta zuwa Kanada da Singapo da Biyetnam. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da shawo kanta a ranar 5 ga Yulin 2003, mutum 1,755 sun kamu a Hong Kong, 299 sun rasu. Sauran aka rubuta su a matsayin waɗanda suka warke, amma da yawansu ba su koma yadda suke ba.

Nakasa ta farko daga maganin ta fito. Likitoci ba su san ƙwayar cutar ba, marasa lafiya kuma na shaƙewa a gabansu, sai suka riƙa ba da magungunan sitiroyid masu yawa don kwantar da kumburin huhu, tare da maganin ribabirin. Bayan 'yan watanni wasu suka fara kukan ciwon ƙugu da gwiwa. Hoton asibiti ya nuna jini ya daina isa kan ƙashin cinya, ƙashin yana mutuwa yana rubzawa. Matasan da ke tafiya da ƙafarsu kafin ciwon suka koma dogara sanda, wasu aka yi musu aikin sauya gaɓar ƙugu. An ga irin wannan a Beijing ma, kuma da wuya a ɗora wa likitocin laifi, domin abin da ke hannunsu ke nan a lokacin. Huhun wasu kuma ya yi tabo, har hawa bene ke sa su haki shekaru biyu bayan sallama.

Ciwon da ya fi daɗewa shi ne wanda ba a gani. An killace majinyata ba dangi ba mai dubiya, ma'aikatan jinya a rufe ruf har fuska, maƙwabcin gado kuma yana iya cikawa cikin dare. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan mutum 233 da suka tsira ya gano cewa, kusan shekara huɗu bayan cutar, fiye da kashi 40 cikin ɗari na fama da larurar ƙwaƙwalwa: firgici mai dawo da abin da ya faru, ciwon damuwa, fargaba. Kusan adadin haka kuma na kukan gajiya wadda hutu ba ya kawar da ita. Ma'aikatan lafiya, waɗanda 386 daga cikinsu suka kamu, abin ya fi yi musu nauyi, tunda wurin neman abincinsu shi ne wurin da suka ga mutuwa.

Tsangwama ta ƙara dagula lamarin. A rukunin gidajen Amoy Gardens, inda mutum fiye da 300 suka kamu, an kwashe mazauna gini guda zuwa sansanonin killacewa, daga baya kuma ambaton adireshin kaɗai kan sa a guji mutum a wurin aiki.

A ƙarshen 2003 gwamnatin Hong Kong ta kafa asusun tallafi na dalar Hong Kong miliyan 150 domin iyalan mamata da waɗanda cutar ta nakasa. Da annobar korona ta zo a 2020, majinyata suka fara kukan gajiya da haki da fargaba bayan warkewa, bayanan da aka tara kan waɗannan mutane na cikin abubuwan farko da masu bincike suka koma suka duba.