Wuƙa a Kube, Ƙoƙo a Jaka

Wanda ya ratsa Nima ko Mamobi a birnin Akra da sassafe, zai tarar da yara sun yi layi a gaban mai koko. Waɗansu sun zo da kwano daga gida, waɗansu kuwa hannu sake, suna jira a ƙulla musu a leda. Mai kallo yana iya tsammani masu kwanon ne suka rasa wayewa. Amma tarihi ya nuna su ne ke riƙe da tsohuwar al'adar Zango, wadda ta girmi gidajen abincin garin duka.

Al'adar ta samo tushe daga fatauci. Tun kafin zuwan Turawa, fatake sukan tashi daga Kano da Katsina cikin ayari, madugu yana gaba, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro. Sukan kai kanwa, da tufafi, da fatu, tafiyar kuwa ta watanni ce. Inda ayari ya yada kaya ya kwana, nan ne zango. Matan ƙauyukan kusa sukan kawo tuwo da fura su sayar, amma abinci suke sayarwa, ba mazubi ba. Saboda haka kowane falke yana da ƙoƙonsa da ludayinsa a jaka, da gorar ruwa, da wuƙa a kube. Da wuƙar zai yanke igiyar kaya, da ita zai yanka kaza, da ita zai raba nama in an samu. Wanda ya fito ba nasa, sai ya jira wani ya ƙoshi ya ba shi aro. Ba banza Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni ba.

Ba Hausawa kaɗai suka yi haka ba. A ƙasashen Turai ma, shekaru ɗaruruwa baƙon da aka gayyata cin abinci yakan zo da wuƙarsa a ɗamara, domin mai gida ba ya tanadar wa kowa. A 1611 wani matafiyi ɗan Ingila, Thomas Coryat, ya rubuta labarin cokali mai yatsu da ya gani a Italiya, mutanen ƙasarsa suka mai da shi abin dariya. Sai da masana'antu suka yawaita, kayan suka yi araha, sannan masu gidajen abinci suka ɗauki nauyin shimfiɗa wa kowa wuƙa da cokali. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya haɗa a garin Sheffield a 1913, ya ƙara sauƙaƙa wannan.

Hanyar da al'adar ta bi ta shiga Akra ita ce hanyar da Hausawa suka bi. A yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya zo da sojojin Hausa daga Legas. A 1877 aka mai da Akra hedkwatar mulki. A 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga, 'yan kasuwa da yawa suka gangara kudu. Tun kafin nan Malam Nainu ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari, wurin da yanzu ake kira Zongo Lane. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta tashi a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa.

A waɗannan unguwanni baƙi maza suka fi yawa: sojoji, da leburori, da masu gadi, da 'yan ƙwadago daga arewa, mafi yawansu ba iyali. Cikinsu ya zama kasuwar mata masu dafuwa. Daga nan abincin Zango ya bazu cikin gari da sunayensa na Hausa: tuwon zafi, da ƙosai, da koko, da wake da shinkafa da ake jan launinsa da karan dafi, wanda mutanen Gana ke kira waakye.

A nan ne wuƙa da ƙoƙo suka rabu hanya. Wuƙa ta bar ƙugun mai ci ta koma hannun mahauci. Mai tsire shi ne ke yayyanka nama kafin ya miƙa, tuwo kuwa da hannu ake cinsa, don haka mai saye ba ya bukatar kube. Ƙoƙo dai bai mutu ba, sauya riga ya yi. Kwanon sha da langa da aka riƙa shigowa da su daga waje suka maye gurbin ƙwarya da akushi, ana aiken yaro da su wurin mai tuwo. Wanda ya zo ba kwano, sai a ƙunshe masa a faffaɗan ganye, in ya gama ya yar, ganyen ya ruɓe ya koma ƙasa.

A ƙarshen ƙarni na 20 leda da cokalin roba suka shigo. Suna da araha, ba a wanke su, ba a mai da su. Zuwa da kwano ya fara zama abin kunya ga matasa. Amma leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Babban magudanar ruwan da ya ratsa Nima ya riƙa cika da ita. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, mafi yawansu a yankin Akra. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka hallaka mutum fiye da 150, toshewar magudanai da shara kuwa tana cikin abubuwan da suka tsananta ambaliyar.

Kwanon gida ba ya maganin gurɓataccen ruwa, ba ya kuma wanke hannun da bai ga sabulu ba. Duk da haka, mai shi ya san wanda ya wanke shi, ya san kuma ba zai kwana a kwata ba. Falken da ya rataya ƙoƙonsa daga Kano zuwa Salaga bai san leda ba, dole ce ta sa shi. Jikokinsa na Zango suna da zaɓi. Yaron nan da ke tsaye a layin koko da kwanon uwarsa ba shi da abin jin kunya, gama da tsohuwar zuma ake magani.