Girka, Allo da Asibiti: Yadda Ƙasar Hausa Ta Yi Jinyar Faɗuwar Gaba

A shekarar 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, Sarki Yunfa ya mutu a yaƙin. Masu tarihi sun fi ba da labarin faɗuwar sarauta, amma akwai wata kujera da ta girgiza a lokacin, wadda ta fi shafar matan gida: kujerar Inna. Inna 'yar gidan sarauta ce, kuma ita ce uwar 'yan bori na ƙasar baki ɗaya. Macen da barci ya ƙaurace wa, gabanta yana faɗuwa ba dalili, ta rame, ta daina shiga mutane, idan jiƙon gida ya gaza, hannun mutanen Inna ake kai ta.

Abin da suke yi mata shi ne girka. Akan keɓe ta a ɗaki kamar kwana bakwai, uwar girka tana kula da ita, ana ba ta saiwoyi tana sha, ana yi mata hayaƙi da wanka. Da dare masu garaya su zauna, ko mata su kifa ƙwarya su kama kiɗa, ana bin taken iskoki ɗaya bayan ɗaya don a gane wanda ya taɓa ta. Kowane iska da halinsa. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da kyauta, Malam Alhaji tsoho ne mai tari da carbi, Sarkin Rafi kuwa da ƙarfi yake zuwa, ya ɗaga goɗiyarsa, wato macen da ya hau, sama ya buga ta da ƙasa. Idan iskan zai sauka sai ta yi atishawa. Daga nan ta zama 'yar bori, ta san abin da iskanta yake so da abin da ya hana ta, ta kuma sami ƙungiyar da za ta riƙa zuwa wurinta har tsufa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa ba su yi kwana-kwana ba wajen hukunci: yanka don iska da neman taimakonsa shirka ne. Wannan hukunci yana nan daram a zukatan Musulmi. Sai dai hana abu bai kawar da ciwon da ya kai mutane gare shi. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya har aka sa mata sunan mai wabi, da wadda aka yi wa kishiya ba ta da wurin kai kuka, da baiwar da aka raba da garinsu, duk girka ta ba su mako guda da ba su daka ba, ba su ɗebo ruwa ba, kowa yana tambayar lafiyarsu. Shi ya sa bori bai mutu ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun tafi da sarautar Inna Tsibiri, Katsinawan Maraɗi suna da Iyarsu, takwarar Inna, bayin da aka tsallaka Sahara da su kuma suka kai shi Tunis da Tarabulus, inda wani Bature mai suna Tremearne ya tarar da shi, ya fitar da littafi a kansa a 1914.

Nana Asma'u, 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, tana cikin waɗanda suka fahimci wannan sosai. An haife ta a 1793, ta girma cikin hijira da yaƙi, ta ga zawarawa da kuyangi sun cika Sakkwato da ƙauyukanta, da yawansu Gobirawa da suka tashi a hannun Inna. Ba ta tsaya ga wa'azi kaɗai ba. Ta kafa tsarin 'yan taru: a ƙauyuka ta riƙa naɗa dattijuwa da ake kira jaji, wadda za ta jagoranci mata su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Abin da take ɗora wa jaji a kai shi ne malfa da jan ƙyalle, irin kayan da aka san Inna da su. Mace ta ƙauye tana ganin malfar ta san wannan ce uwar da za a kai wa damuwa yanzu. A 1839 kuma Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattara falalar surorin Alƙur'ani da abin da ake karanta kowace dominsa, har da naƙuda, yaye, talauci, tsoro da ƙuncin zuciya. Yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Gidan Shehu ya ɗauki jinya a matsayin aikin malanta.

Jinyar da ta fi shiga kowane gida ita ce rubutun sha, wanda ya girmi jihadin kansa. Har gobe ana yin sa kusan yadda aka gada. Malam yana zaune kan buzu a zaure, allo a cinya, ya tsoma alƙalamin gamba cikin tawadar gawayi da ƙaro. Kafin ya sa hannu sai ya tambaya: tun yaushe abin ya fara? Ana samun barci? Me ake gani a mafarki? Lafiya ake zaune da maigida? Mai damuwa ya zazzage cikinsa, wani lokaci abin da bai taɓa gaya wa ko mahaifiyarsa ba. Sannan malam ya rubuta Alam Nashraha, ko Li'ilafi, ko Falaƙi da Nasi, ƙafa bakwai ko abin da ya fi haka, a wanke allon a kwano, baƙin ruwan ya taru, a ɗura a kwalba. A sha da asuba da lokacin kwanciya, a shafa saura a fuska da ƙirji, a kawo abin sadaka gwargwadon hali, a dawo bayan kwanaki a faɗi yadda aka ji. Mumini ya san waraka ta Allah ce kuma ayoyinsa waraka ne. Duk da haka bai kamata a raina tambayoyin nan na zaure ba, da wannan “ka dawo ka gaya mini”, domin mai fargaba yana matuƙar buƙatar wanda zai saurare shi ba tare da ya ce masa raki yake yi ba. Al'adar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Sudan ana kiranta mihaya, kuma tun da daɗewa malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun ambaci magabatan da suka halatta rubuta aya a wanke a sha, ko da yake wasu malaman sun ƙi ta.

Turawa ba su kawo wa mai faɗuwar gaba komai ba. Gidajen da suka buɗe a Kalaba a 1904 da Yaba ta Legas a 1907 na tsare waɗanda hankalinsu ya gushe ne, dokarsu ta 1916 ma tsarewa ta sa a gaba. Tun daga nan mutane suka haɗa asibitin ƙwaƙwalwa da mari da ƙulle, tsoron da bai gama fita ba har yau. Sai a 1954 wani likita ɗan ƙasa, Thomas Adeoye Lambo, ya gwada wata hanya a Aro ta Abekuta: marar lafiya ya sauka a ƙauyen da ke kusa tare da ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana, kuma likitoci su yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya, Lambo ya kai har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

A Arewa kuwa abubuwa sun sake juyawa bayan kafa Izala a Jos a 1978. Aka yi ta sukar layu da tsibbu, ruƙiyya ta bunƙasa a shekarun 1990, shagunan habbatus sauda da man zaitun da zuma suka cika birane. Akwai masu ruƙiyya na kirki da ke karatu su yi nasiha su sallami mutum. Akwai kuma masu dukan yarinya da bulala wai aljani suke duka, alhali firgici ne ke damunta. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Matasa da matan aure da yawa kuma sun koma yi wa kansu magani da kwalba, har gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Likitoci sun san abin da ke faruwa a jiki: ƙwaƙwalwa ce ke buga ƙararrawar haɗari babu haɗarin, zuciya ta yi ta bugawa, zufa ta karyo, numfashi ya yi sama-sama, mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo. Ana magance shi da zaman tattaunawa da ƙwararre wanda ke koya wa mutum kama tunaninsa da daidaita numfashinsa, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi na wasu watanni. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna sa bugun zuciya irin wannan, kuma gwajin jini ne ke gano su.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Asibitocin Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri suna duba masu fargaba su ba su magani su koma gida a ranar. Malaman zaure da masu ruƙiyya, ku ne mutane ke fara zuwa wurinku: wanda ya yi makonni ba barci, ko ya daina fita kasuwa don tsoro, ku yi masa addu'a, sannan ku ce wa danginsa su raka shi ya ga likita.