Bargon Ado a Ƙasar Ƙonni da Adar: Daga Masaƙa zuwa Kwarashi

Ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela ta san mayafin ado tun kafin kwarashi ya iso. Mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa abawa da mazari, sannan masaƙi ya karɓa: ƙafa na taka allera, ƙoshiya na kai da komo, kunkuru na riƙe da zaren daga nesa. Abin da ke fita daga masaƙarsa ƙwarya ce siririya, sai a jera su a ɗinke gefe da gefe. A nan gwaninta take, domin dole ya lissafa aikinsa yadda zanen wannan ƙwarya zai gamu da na waccan ba karkata. Haka ake yin gwado da luru mai ratsin baƙi da fari.

Shi kuwa kwarashi baƙo ne. A shekarun 1820 mujallar Penélopé ta ƙasar Holan ta fara buga tsarinsa, ya bunƙasa a Ayalan lokacin yunwar da ta soma a 1845, ya shigo Afirka ta Yamma ta makarantun mishan, daga baya ta cibiyoyin koya wa mata sana'a. Akan ce shi ya kori luru daga ɗakin amarya, amma tarihin auduga bai nuna haka ba. Daga 1956 kamfanin Faransa na CFDT ya shiga harkar auduga a Nijar, aka kafa injin gurza a Madawa, kuma gonakin noman rani na Ƙonni, da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, sun noma ta domin masana'anta. Audugar ta bar hannun masu kaɗi. Yadin Kaduna, inda aka buɗe masaƙar zamani a 1957, ya cika kasuwannin kan iyaka, bargunan waje da na gwanjo suka biyo baya da araha. Waɗannan ne suka durƙusar da masaƙi, ba kwarashi ba, domin mai jin sanyin hunturu ba ya jiran mai kwarashi ta yi makonni tana saƙa.

Wasu kuma na cewa sana'ar da zarenta na kanti ne, roba ce ma ba auduga ba, ba ta kai a kira ta tamu ba. Gaskiya ne zaren na waje ne, kuma wannan rauni ne, tunda farashinsa ba ya hannun mai saƙa. Sai dai masaƙan da suka rage su ma zaren masana'anta suke ɗaurawa. Abin dubawa shi ne inda aikin ya zauna: shimfiɗar gadon amarya, da bargon jariri da hularsa da ake kai wa mai jego ranar suna. Mai kwarashi takan saƙa 'yan murabba'ai ɗaya bayan ɗaya ta harhaɗa su, tana ƙirga maɗauri don launi ya dace da launi, lissafin da masaƙin luru ya sani. Bambancin shi ne adon ya koma hannun mace tun daga zaɓen launi har ciniki, cikin gidanta, da jarin da bai wuce ƙugiya ɗaya da dunƙulen zare ba.