Dokokin Kan Iyaka da Haƙƙin Mai Saye da Ma'aikaci a Jihar Kebbi

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, tana maƙwabtaka da ƙasashe biyu, wato Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin. Ƙananan hukumomin Arewa da Dandi da Bagudo su ne bakin iyaka, kuma ta Kamba da Dole Kaina da Tsamiya ne hatsi da dabbobi da albasa da kifi da jama'a suke shige da fice tsakaninmu da Gaya da Dosso da Malanville. Saboda haka, duk shawarar da aka yanke kan iyaka, a Abuja ko a Yamai ko a taron ECOWAS, ba ta daɗewa kafin ta bayyana a farashin kwanon shinkafa a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, da kuma a kuɗin yinin lebura a fadamar Argungu.

Wanda ke da ikon yin doka

Tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya al'amuran kwastan da shige da fice da ciniki da ƙasashen waje da ƙwadago da awo. Gwamnatin jiha ba ta buɗe iyaka, ba ta rufewa, ba ta kuma sanya harajin shigo da kaya. Bayan dokokin tarayya akwai yarjejeniyoyin ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba har kwana 90, ta 1986 ta ƙara da izinin zama domin neman aiki, ta 1990 kuma ta ba da izinin kafa sana'a. Har ila yau akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai.

Rufe iyaka na 2019

A watan Nuwamba na 2015 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, baya ga na Labana da ke babban birnin jiha. Domin kare wannan noma daga shinkafar waje da ake fasa-ƙwaurinta ta Benin da Nijar, da kuma dalilai na tsaro, aka rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019.

Manoman kwarin Rima sun amfana, domin shanshera ta yi daraja, masu casa kuma sun samu kasuwa. Amma mafi yawan mutanen jihar nan, har da manoman kansu idan rumbu ya ƙare, masu saye ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashin abinci ta tashi daga kashi 13.17 cikin ɗari a Agustan 2019 zuwa kashi 19.56 a Disamban 2020, ko da yake annobar korona da ambaliyar daminar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan, suna da nasu rabon a ciki. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai man fetur ga gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Nufin umarnin shi ne toshe hanyar masu fitar da mai, to amma Kamba gari ne mai asibiti da injinan niƙa da masu noman rani da injin ban-ruwa, kuma su ne suka koma sayen mai a galan da tsada. 'Yan dako da direbobi da 'yan kabu-kabu da mata masu sayar da abinci a tasha, waɗanda cinsu na yini ya dogara ga motar da ta tsallaka, ba a tanadar musu komai ba cikin tsarin. An buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disamban 2020; Kamba sai a Afrilun 2022.

Ba a jima ba aka sake rufewa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda babban layinta ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, Shugaba Bola Tinubu kuma ya ba da umarnin buɗe iyaka a watan Maris. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, kuma a ranar ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku har zuwa wata sanarwa. Ke nan abin da ɗan ci-rani daga Dogon Dutsi yake da shi a da bisa yarjejeniya ya koma rangwame na wucin gadi.

Haƙƙin mai saye

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar da aka kafa a 1992. Dokar ta ba mai saye haƙƙin sanin farashi, da samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, da mayar da kayan da ke da lahani. Kayan da aka shigo da su daga waje ba su fita daga wannan hukunci ba, kuma mai rarrabawa da mai shago suna da alhaki a kan abin da suka sayar. Abinci na leda ko gwangwani da magani da man shafawa suna ƙarƙashin NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, sauran kayan masana'antu kuma suna ƙarƙashin hukumar SON. Matsalar kayan da suka biyo ta daji ko ta kwale-kwale ita ce babu takardar da ke nuna wanda ya shigo da su, don haka idan maganin feshi ya ƙone shuka, ko shinkafa ta fito da wari, babu wanda za a riƙe sai mai tireda.

Haƙƙin ma'aikaci

A nan ne giɓin ya fi faɗi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama naira 70,000 a Yulin 2024, Gwamna Nasir Idris kuma, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya amince da naira 75,000 ga ma'aikatan jiha a Oktoban wannan shekarar. Sai dai dokar ta tarayya ta cire wuraren aiki masu ma'aikata ƙasa da 25, da masu aikin gona na lokaci-lokaci, da waɗanda ake biya bisa kamasho ko bisa yawan aikin da suka yi. Masu dashe da yankan shinkafa a fadama, 'yan ƙasa da baƙi, da masu lodi a kasuwar Kamba, kusan dukansu suna cikin waɗanda aka cire. A ganinmu, ƙungiyoyin direbobi da na 'yan dako da shugabannin kasuwa da hakiman garuruwan iyaka sun cancanci a ji ta bakinsu kafin a sanar da sabon umarni, kamar yadda ake jin ta bakin masu kamfanonin casa.

Inda ake kai ƙorafi

Mai saye ya fara komawa ga wanda ya sayar masa, riƙe da rasit da kwalin kayan. Idan ba a daidaita ba, FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, NAFDAC kuma tana da ofishi a Birnin Kebbi. Rikicin albashi ko sallama daga aiki ana kai shi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, hurumin shari'arsa kuma na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne. Wanda jami'in gwamnati ya karɓi kuɗi a hannunsa a shingen hanya ba tare da rasit ba yana iya rubuta wa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar ko kwabo, ya ambaci wurin da ranar da hukumar da jami'in yake wa aiki.